In za ka ci abinci a manyan otal na Jos

Ɗan Ƙaraye ko Rogo da ya haura Jos shan iska, kada ƙyalƙyalin wurin cin abinci ya ruɗe shi. Kafin ka ce a kawo, nemi takardar farashi, ka tambaya ko an haɗa harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima, don a nan lissafi ke kumbura. Ka tambaya wa ya yanka naman, kuma ko ana zuba giya a miya. Ba abin kunya ba ne. Shinkafa kam akwai ta a gida. Nemi gwaten acca da dankalin Turawan Bokkos. Tsayin garin Jos daga teku ya haura mita 1,200, sanyinsa na Disamba ba wasa, don haka ka riƙo rigar sanyi in a waje za ku zauna.