Tsatsa a Sinkin Wanke-wanke: Dalilinta da Maganinta

Jama'a, musamman iyayenmu mata, wannan takarda ta shafi jan tabon nan da kan fito a sinkin wanke-wanke, wanda uwargida kan yi ta gurza har hannu ya gaji, shi kuwa yana nan daram.

Da farko a sani, galibin sinkin da ake sayarwa yanzu da ƙarfen da ba ya tsatsa aka ƙera shi. Ana danganta gano wannan ƙarfe ga wani Bature, Harry Brearley, a garin Sheffield na Ingila a 1913. A cikinsa akwai sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda in ya haɗu da iska yakan yi wata 'yar fata siririya da ido ba ya gani, ita ke tsare ƙarfen.

To, daga ina tsatsar take zuwa? Kawo ta ake yi. Uwargida ta buɗe gwangwanin tumatir, ta juye, ta bar shi ya kwana cikin danshin sinki. Gari na wayewa sai a ga jan zobe daidai faɗin gindin gwangwanin. Haka wuƙa take yi, haka tsohon kaskon ƙarfe. Mafi muni shi ne soson ƙarfe: ana gurza da shi yana kakkaryewa, ƙananan ɓurɓushinsa suna maƙalewa, kowanne ya zama ɗigon tsatsa. Abin da ake wankin da shi, shi ne mai ɓatawa.

Wani lokaci kuma laifin ruwa ne. Ruwan wasu burtsatse da na tsofaffin bututun ƙarfe yana ɗauke da narkakken ƙarfe, kuma da zarar ya haura miligiram 0.3 a lita ɗaya sai ya fara rina abin da ya taɓa. Alamarsa dogon jan layi daga ƙarƙashin famfo zuwa magudana.

Maganin tsatsa tsami ne, ƙarfin damtse bai da amfani a nan. A share wurin ya bushe, a barbaɗa gishiri kaɗan, a raba lemon tsami biyu a matse a kai. A bar shi kamar minti 15. Sannan a goga da ɓawon lemon ko soso mai laushi, ana bin layin da ke jikin ƙarfen, kada a gicciye shi. A ɗauraye sosai, domin gishiri in ya daɗe shi ma yana cin ƙarfe, a kuma goge da busasshen tsumma. Inda babu lemo, ruwan khal ko jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri za su yi. Tsohon tabo ba ya fita a zama ɗaya, a maimaita.

Yanzu ga gargaɗi, a saurara da kyau. Kada a zuba bilic a kan tsatsa. Ba ya fitar da ita, sai ma ya ƙara kafe ta, ya kuma yi wa ƙarfen ƙananan ramuka. Haɗa bilic da lemon tsami ko khal kuwa haɗari ne babba, don yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi da ƙona ido, balle a ƙaramin kicin mai taga ɗaya. Ruwan asid na wankin tayil ma a nesanta shi da sinki. Wadda wurin wanke-wankenta na tarazo ne ko na marmara, ta yi hattara da tsami, yana cinye shi ya dusashe.

Sinki mai farin fenti irin na kwanon samira, in ya ɓantare, tsatsar daga ƙarfen ƙasa take tasowa. Ko an wanke za ta dawo, sai an toshe ɓantarar.

Maigida kuma, in famfo yana ɗiga, yawanci robar cikinsa ce ta cinye. A kira mai gyaran famfo ya canja ta, in ba haka ba jan layin zai dawo cikin 'yan makonni.