Kimiyya a Bakin Teku: Yadda Ake Zaɓen Na'urar Naɗe Zaren Fatsa

A gaɓar teku, inda raƙuman ruwa ke karyewa, akwai abinci mai yawa. Duk igiyar ruwa da ta bugi yashi takan tono ƙaguwa da tsutsotsi da ƙananan halittu masu ɓawo, sa'an nan ta ja su zuwa cikin kwarin da ke tsakanin tudun yashi da gaɓa. Ƙananan kifaye sukan zo cin wannan abinci, manya kuma su biyo su. Shi ya sa a gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu da gabashin Amurka masunta kan tsaya a kan yashi su wurga fatsa can bayan raƙuman ruwa, ba tare da kwalekwale ba.

Fatsar da aka saba gani a bakin kogi, wato sanda da zare da ƙugiya, ba ta isa wannan aiki ba. Ana bukatar zare mai tsawon ɗaruruwan mita, da na'urar da za ta sake shi ta kuma naɗe shi. Wani Baturen Ingila mai masaƙa, Alfred Illingworth, shi ya yi rajistar irin wannan na'ura a shekarar 1905. Kwarkwaronta ba ya juyawa lokacin wurgi; zaren ne ke warwarewa daga bakinsa. Zaɓen irin wadda za ta jure teku darasi ne na kimiyya.

Gishiri da Tsatsa

A kowace lita ta ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri, alhali ruwan kogi yawanci bai kai rabin giram ba. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai. Idan ƙarfe iri biyu suka taɓa juna a cikinsa, sai su zama tamkar ƙaramin batir, ɗayansu ya riƙa zagwanyewa. A na'urar da aka ɗaure jikinta na alminiyum da kusoshin ƙarfe, alminiyum ɗin ne ke cinyewa. Da wannan ilimi ne Humphry Davy ya kare jan ƙarfen da ke jikin jiragen ruwan Ingila a 1824, ta hanyar manna musu tutiya da baƙin ƙarfe domin su lalace a madadinsa.

Saboda haka abin dubawa na farko shi ne kayan da aka yi na'urar da su. Alminiyum da aka yi wa rufi ta hanyar lantarki yana da ƙarfi, ba shi da nauyi. Jikin garafait ba ya tsatsa ko kaɗan, sai dai yana iya lanƙwasa idan babban kifi ya ja. Sandar tsakiya da boris kuwa su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Shefil a 1913. Sirrinsa shi ne sinadarin kuromiyum, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke yin wata siririyar fata da ke kare ƙarfen. Boris huɗu masu kyau da aka rufe sun fi goma na banza.

Yashi

Yawancin yashin gaɓa ƙwayoyin ƙanƙarar dutse ne. A ma'aunin tauri na Mohs suna da maki 7, alminiyum kuwa bai kai 3 ba. Ƙwaya ɗaya idan ta gauraya da giris sai ta zama kamar magagari, ta riƙa cin haƙoran na'urar. Don haka ake son wadda aka toshe kafofinta da roba. Wasu kamfanoni sukan rubuta alama kamar IPX5 ko IPX6. Ma'anarta ita ce na'urar na jure feshin ruwa, amma ba a yi alkawarin za ta jure nutsewa ba.

Girma da Saurin Naɗi

Masu kamun kifi a gaɓa sun fi amfani da na'ura mai lamba 5000 zuwa 8000. Sai dai lambobin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka abin dogaro shi ne tsawon zaren da kwarkwaro ke ɗauka. Mita 250 zuwa 300 ya wadatar, domin wurgi kaɗai na iya cin mita 100, kifi kuma ya gudu da wani.

Alamar 5:1 tana nufin duk juyi ɗaya na mariƙi zare na zagaye kwarkwaro sau biyar. Idan faɗin kwarkwaron santimita 6 ne, kewayensa kusan santimita 19 ke nan, wato juyi ɗaya zai jawo santimita 95. Mai saurin naɗi tana da ƙarancin ƙarfin ja, kamar dai keken da aka sa wa babbar giya a kan tudu.

Birki da Jikin Kifi

Yawancin naman kifi farar tsoka ce, wadda ke ba da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci ba tare da jiran iskar oksijin ba. Daga nan sai sinadarin laktik ya taru, kifi ya gaji. Aikin birkin na'ura shi ne ya saki zare a hankali yayin wannan gudun farko, kafin ya tsinke. Akan saita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zaren da ke tsinkewa a kilo 12, alal misali, birkinsa ya tsaya a kilo 3 zuwa 4. Dalilin barin wannan rata shi ne, yayin da zare ke raguwa a kwarkwaro, ƙarfin da ake bukata don jan sa na ƙaruwa. Idan kaurin naɗin ya ragu da rabi, ƙarfin ya ninka.

Birki mai fizga yana jawo asara biyu. Masunci ya rasa kifinsa, kifin kuma ya tafi da ƙugiya a baki yana jan zaren nailan da zai daɗe bai ruɓe ba, yana sarƙe kunkurun teku da tsuntsaye. Araha ba ta ado.

Kulawa

Bayan kowace fita a ɗaure birki, a ɗauraye na'urar da ruwan daɗi a hankali, domin ruwa mai ƙarfi yana tura gishiri ciki. Idan ta bushe a sassauta birkin, a ɗiga mai, a ajiye ta a inuwa.

Gwaji Don Ɗalibai

Malami zai iya nuna wannan darasi ko da makarantarsa na nesa da teku. A sami kofuna uku da ƙusoshi uku na baƙin ƙarfe, a goge su da yashi. A zuba ruwan rijiya a kofi na farko. A sauran biyun a zuba ruwan da aka narkar da giram 35 na gishiri a lita ɗaya. A naɗe ƙusa ta uku da wayar jan ƙarfe, sa'an nan a saka kowace ƙusa a kofinta. Ɗalibai su riƙa dubawa kullum har mako guda, su rubuta wadda ta fara tsatsa da wadda ta fi lalacewa, kana su bayyana dalili.