Yadda Ƙwayar Cutar Ƙanjamau Ke Lalata Ƙofofin Sojojin Jiki

Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa, Kura ko Bunkure ya san ruwan madatsar Tiga ba ya shiga gona sai ta ƙofa. In ƙofar ta lalace, wata gonar ta cika maƙil, wata ta bushe.

Haka ƙwayoyin halittar jikinmu suke. Kowace tana da bango mai ƙananan ƙofofi da ke tsara shige da ficen gishirin jiki: fotashiyam ya fi yawa a ciki, sodiyam a waje. Da wannan daidaito ƙwayar ke rayuwa tana aiki.

Ƙwayar cutar HIV tana shiga sojojin jini da ake kira CD4, ta tilasta musu ƙera sunadaranta. Ɗaya daga ciki, mai suna Vpu, an gano shi a 1988. Bincike ya nuna yana iya buɗe ƙananan kafofi a bangon, yana kuma dagula ƙofofin fotashiyam, sannan yana taimaka wa sababbin ƙwayoyin cutar su fice su kama wasu sojojin. A hankali sojoji na raguwa. Mai lafiya yakan samu 500 zuwa 1,500 a awon CD4. In suka gaza 200, garkuwa ta karye.

Kada wata ta ji an ce gishiri ta ɗauka kunun kanwa zai gyara. Ba zai gyara ba, kuma yawan kanwa lokacin jego yana wahalar da zuciya. Maganin ARV ne ke hana cutar hayayyafa.

Ke mai juna biyu, ga inda abin ya shafe ki. Ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya kamuwa ta hanyar ciki, haihuwa ko shayarwa. Da magani, ba su kai 5 ba. Ki yi gwaji tun zuwanki awo na farko. In an samu cutar, ki fara magani nan take, kada ki tsallake ko rana ɗaya, ko da aikin girbi ya yi yawa. Ki haihu a asibiti domin a fara ba jariri nasa maganin, a kuma gwada shi yana da mako 6.

Maigida, kai ma ka zo a gwada ka tare da ita.