Karen Gadi: A Nemi Katin Allurarsa Kafin a Tambayi Irinsa

Magidanta da dama a Bauchi, musamman masu sababbin gidaje a bayan gari wajen Yalwa da Fadamar Mada, sun koma ajiye kare saboda ɓarayi. Shari'a ba ta hana ba. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, wasu malamai kuwa suka yi ƙiyasin tsaron gida a kansu. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, shi kansa ya ajiye kare da katangarsa ta faɗi. Amma rangwamen bai ɗauke wa kowa alhakin cutar da maƙwabci ba.

Mai neman kare yakan fara da tambayar iri: Alseshan ne, ko Rotwaila, ko Bobul na Afirka ta Kudu? Tambayar da ta kamata ta zo gaba ita ce ko an yi masa allurar rigakafin haukan kare. Ku dubi yadda ake ɗaukar maigadi. Ba wanda ke miƙa wa ƙato makullin ƙofa don faɗin ƙirjinsa. Sai an san garinsu, an san wanda ya tsaya masa, an ji shaidar inda ya yi aiki, domin shi zai kwana kusa da iyali lokacin da kowa ya yi barci. To katin likitan dabbobi shi ne mai tsaya wa kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar tana cikin yawu, tana bin jijiya har ƙwaƙwalwa, takan yi wata biyu ko uku ba ta nuna ba. Ranar da mutum ya fara tsoron ruwa, magani ya ƙare.

Wani zai ce karensa ba ya fita. Ƙarya yake yi wa kansa. Kare yana haura katanga, na titi suna shigowa, almajirin da ya zo karɓar sadaka ma bai san an kwance karen ba. Wani kuma ya ce allura tsada. Haba! Wanda ya iya sayen kare da kuɗin rago, ya kasa kuɗin allura sau ɗaya a shekara? Nan kusa, a Vom ta Jihar Filato, ake sarrafa ta. A fara tun ɗan kwikwiyo yana wata uku. In an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibiti mafi kusa a ranar. Kada a tsaya shafe-shafen gargajiya. A tsare karen kwana 10 a sa masa ido.

Batun iri kuwa gajere ne. Karen gida ya fi jure zafin Afrilu da kaska, ga haushi, ga sauƙin ciyarwa. Alseshan yana jin horo. Rotwaila da Bobul sai mai doguwar katanga da hannu mai ƙarfi, kada a bar su da yara. Masu yawan gashi na ƙasashen sanyi kuwa, wahala kawai za su sha a Bauchi.