Darasin Lafiya: Zaman Gida Bayan Aikin Ciwon Dajin Fankiriyas

'Yan'uwa, a wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar taki da iri. Abin da ya sa kuwa shi ne wani dattijo a ɗaya daga cikin ƙauyukan da muke zagayawa. An yi masa aiki a babban asibiti, ya komo gida da ƙafarsa, aka yi ta murna. Bayan wata biyu sai ga shi yana ta ramewa, ko da yake yana cin tuwo safe da dare. Mutane suka soma raɗa cewa ciwon ya komo, waɗansu ma suka ce sammu ne. Ashe abincin ne ba ya narkewa a cikinsa. Mutanen gidan ba su gane ba. Mu ma da muke zuwa gaishe shi ba mu gane ba, sai da aka mai da shi wurin likita. Wannan ya ba mu kunya, shi ya sa muka je muka yi tambaya, muka kawo muku abin da muka koya.

Fankiriyas wata tsoka ce mai laushi, tsawonta wajen inci 6, tana kwance a bayan tumbi kusa da ƙashin baya. Ba ita ce saifa ba, ba kuwa hanta ba. Aikinta biyu ne. Tana zuba wani ruwa cikin hanji wanda ke narkar da abinci, musamman mai. Tana kuma fitar da insulin, watau abin da ke daidaita sukari cikin jini. Ku riƙe waɗannan biyu da kyau, gama dukan sauran darasin a kansu yake.

Ciwon daji ya fi kama ta a wajen kanta, inda bututun matsarmama yake bi ya sauka cikin hanji. Idan ƙari ya toshe bututun nan, sai idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. A nan ne muke yin babbar hasara. Da mun ga rawayan ido sai mu ce shawara ce, a jiƙa saiwa da sassaƙe, a yi wata biyu ana sha. Gaskiya ne yawancin shawara daga ciwon hanta take, ko zazzabin cizon sauro. Amma wanda ya wuce shekara 50, ga rawayan ido babu zazzabi, ga rama, ko ciwo a bakin ciki mai ratsawa zuwa baya, ko ciwon sukari da ya fito masa farat ɗaya, wannan kada ya kwana bakwai bai ga likita ba. In ƙaramin asibiti ya kasa ganewa, a nemi takardar zuwa asibitin koyarwa irin na Jos, Zariya ko Kano, inda ake ɗaukar hoton ciki. Taba tana ninka hatsarin kamuwa da cutar wajen sau biyu. Yawan giya ma yana lalata fankiriyas.

Ba za mu ɓoye muku ba, cuta ce mai tsanani. Ko a Amurka, bisa lissafin 2024, cikin mutum 100 da aka same su da ita, wajen 13 ne suke kai shekara biyar. Amma cikin waɗanda aka gane tasu tun ba ta bazu ba, fiye da 40 ne suke kaiwa. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kaɗai yake zuwa a lokacin da aiki zai yiwu. Wata alƙaliya ta Kotun Ƙolin Amurka, Ruth Bader Ginsburg, an gano nata a 2009 tun yana ƙarami ƙwarai, aka yi mata aiki, ta koma kan kujerarta. Ciwon ya komo daga baya, shi ne kuma ajalinta a 2020, tana da shekara 87. Shekara goma sha ɗaya ke nan ta samu tana aikinta.

Aikin da aka fi yi ana kiransa da sunan likita Allen Whipple na Niyok, wanda ya bayyana shi a 1935. Ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama, wani lokaci har da ɗan sashin tumbi, sa'an nan a sāke haɗa abin da ya rage. Bayan aikin akan ba da magunguna masu ƙarfi na kashe ragowar cutar har wajen wata shida. Mutum ya ji sauƙi bai zama dalilin yanke su a tsakiya ba.

To, ga mai jinya ya komo gida. Abu na fari shi ne ci. Tumbinsa ba zai ɗauki malmalar tuwo biyu a zama ɗaya kamar dā ba. A raba masa abinci sau biyar ko shida a yini, kaɗan kaɗan: kunu mai kauri, gwaten acca, faten wake, dafaffen ƙwai, kifi, awara, kindirmo. Kada a cika masa ciki da ruwa kafin ya ci. Mun san a gidajenmu ba a saba ɗora tukunya sau shida ba, ballantana da damina sa'ad da kowa yana gona. Sai a dafa da safe a keɓe nasa, a ɗumama sosai in lokaci ya yi.

Yanzu mu koma kan dattijon nan. Da yake an cire rabin fankiriyas ɗinsa, ruwan narkar da abinci ya kasa. Alamar tana cikin bayan gida: fari-fari, mai maiƙo, mai wari ƙwarai, ga kumburin ciki da yawan iska. Abin da ba mu so mu faɗa ke nan saboda kunya, amma shi ne likita yake bukata ya ji. Maganin ƙwayoyi ne da suke yin aikin ruwan nan, wanda aka fi sani sunansa Creon. Ana haɗiye su tare da lomar fari, duk lokacin da za a ci abinci. Wanda ya sha bayan awa ɗaya ya yi hasarar kuɗinsa, gama abincin ya riga ya wuce. Ba a tauna su, ba a kuwa kora su da shayi ko kunu mai zafi, domin zafi yana kashe ƙarfinsu. Kada a ajiye su a taga ko ƙarƙashin rufin kwano. Suna da tsada, ba kowane kantin magani ke da su ba, saboda haka a sayi na gaba tun saura na mako biyu. Daga fankiriyas na alade ake yinsu. Muna faɗin wannan domin maƙwabtanmu Musulmi, su sani tun da wuri, su yi shawara da likita da malamansu, kada su ji daga baya su yar da magani a ɓoye. Dattijon namu, da aka sa shi a kan ƙwayoyin, kafin kaka jikinsa ya soma komowa.

Na biyu shi ne sukari. Waɗansu bayan aikin sukan kamu da ciwon sukari, har su bukaci allurar insulin. Yawan ƙishi da yawan fitsarin dare su ne alamun a je a gwada jini. Inda babu firji, a sa kwalbar insulin cikin leda a ɗaure, a ajiye cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka sa a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, a inuwa. Wanda ya yi allura bai ci abinci ba, sukarinsa yana iya faɗuwa: rawar jiki, zufa, magana ba kan gado. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari ko zuma nan da nan. In ya suma kada a ɗura masa kome, a kai shi asibiti. Irin wannan mutum kada ya shiga azumi, ko da ikkilisiya duka tana yi, sai da izinin likita. Muna roƙon fastoci su faɗi haka da bakinsu, gama su ne za a fi ji.

Idan wajen wutsiyar fankiriyas aka yi aikin, sau da yawa akan cire saifa tare. Marar saifa, zazzabin da wani zai sha magani ya tashi yana iya kayar da shi cikin yini ɗaya. Ya kwana cikin gidan sauro, ya karɓi alluran rigakafin da likita ya rubuta, in zazzabi ya zo ya tafi asibiti a ranar.

Batun aiki kuwa, tafiya kaɗan kaɗan kowace rana tana da amfani tun daga makon fari. Amma ɗaukar buhu, jan guga, huɗa, daka, sai bayan mako shida zuwa takwas, da yardar likita. Gajiya takan daɗe har watanni, ba lalaci ba ne. Manomi ya zauna yana kallon ciyawa tana cin gonarsa, wannan yakan karya zuciya fiye da ciwon. A nan ne gayya take da amfani. Matasa su nome gonar, amma a tambaye shi inda za a shuka me, domin gonar tasa ce har yanzu. Masu zuwa gaisuwa kuma su rage labarin wane da wane da irin wannan ciwo ya kashe.

Komawa asibiti kowane wata uku zuwa shida a shekarun fari tilas ne, ko da babu abin da ke damunsa, domin cutar takan komo ba sanarwa. In kuwa ta komo, ko tun fari likita ya ce aiki ba zai yiwu ba, har yanzu akwai abin yi: ana iya sa ɗan bututu a buɗe hanyar matsarmama, ƙaiƙayi ya lafa, akwai kuma maganin ciwo mai ƙarfi irin su mofin, wanda bai kamata a ji tsoronsa ba in likita ne ya auna. A sayi ɗan littafi na rubutu, a riƙa sa nauyinsa kowane mako, da yadda bayan gida yake, da sunayen magunguna. Ma'aunin da ake auna yara a asibitin ƙauye ko na sayen hatsi ya isa. Ranar komawa a tafi da littafin, da takardar sallama, da mutum ɗaya mai iya karatu.