Darasi daga Guangzhou: kaza ta mutu farat ɗaya, ƙwai ya zo da taushi



Mu da ke zuwa fatauci Guangzhou ta ƙasar Sin mun san unguwar Xiaobei, inda baƙar fata Musulmi suka fi sauka. Tun watan Mayu na 2014 hukuma ta hana sayar da kaza mai rai a kasuwannin wannan yanki na Yuexiu. Sai dai a yanka a mayanka, a kawo ta cikin sanyi. Ga mai son ya yanka abinsa da hannunsa dokar ta yi nauyi, amma tana da dalili, kuma dalilin ya shafi akurkin da ke bayan ɗakunanmu.

A lardin Guangdong, wanda Guangzhou ce babban birninsa, aka fara gano murar tsuntsaye mai suna H5N1 a jikin wata dinya a 1996. Shekara guda bayan haka ta kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka rasu. A Fabrairun 2006 ta iso Jaji ta jihar Kaduna da Magariya ta Nijar, a 2007 ta ɓulla kusa da Tema a Gana. Wata irin kuma, H7N9, ta bayyana a Sin a 2013, ta kama mutum sama da 1,500, fiye da 600 suka mutu. Galibinsu sun yi hulɗa da kaji masu rai ne ko kasuwarsu. Sai da aka fara yi wa kaji rigakafi a 2017 abin ya lafa.

To, ba kowane ƙwai mai taushi ne annoba ba. Kaza ɗaya ta yi ƙwai marar ɓawo alhali tana kiwonta lafiya, sau da yawa abincin ne ya gaza, ko tsufa, ko zafi. A daka ɓawon ƙwai ko garin ƙashi a zuba mata cikin dusa. Abin tsoro shi ne a ga ƙwai ya ragu a akurki gaba ɗaya, wanda ya fito ya zo da taushi ko a karkace, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, sannan a wayi gari biyu ko uku sun mutu ba jinya. Annobar kaji ta lokacin hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasal, ita ma haka take zuwa. Ido ba ya raba su, sai gwaji.

Nan ne muke son dattawa su sa baki. Al'adarmu, da an ga kaza ta langaɓe sai a ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe, sauran kuma a ruga da su kasuwa. Yanka yana halatta nama, gaskiya ne, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Haɗarin yana wajen yanka da figa da fitar da kayan ciki, kuma wannan aikin matanmu da yaranmu ne ke yin sa. Wanda ya kai marar lafiya kasuwa kuwa ya sayar wa ɗan'uwansa Musulmi aibin da ya ɓoye, ya kuma kai cutar gidan maƙwabci.

In haka ta faru, a kulle sauran, kada ko ɗaya ta fita. A sa hannu cikin leda a ɗauki mushen, a haƙa rami mai zurfi a binne, ba a bola ko kwata ba inda karnuka za su ja. A wanke hannu da sabulu, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa a ranar. Wanda ya taɓa su ya ji zazzaɓi da tari cikin kwana goma, ya je asibiti, ya faɗa wa likita cewa kajinsa sun mutu.

Niyukasal tana da rigakafi mai araha da ake ɗigawa a ido, cibiyar binciken dabbobi ta Vom ma tana yin sa. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, gara gidaje goma su haɗa kuɗi kafin hunturu ya shigo. Kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta kuma, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida.