Motar Rimot a Mafoni: Darasi kan Yadda Hausa ke Karɓar Baƙon Abu

Gabatarwa

Sau da yawa nakan ji 'yan'uwana ɗalibai suna cewa wai Hausa ba za ta iya ɗaukar zancen fasaha ba. Amsarsu na samo ta ne a Mafoni, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Maiduguri, inda yara ke tseren motar rimot a kan wata hanya mai kwana biyar da suka zana da gawayi a daɓen siminti. Ɗan ƙanwata ya tara kuɗin yawon sallarsa ya sayi tasa, amma kullum shi ne kurar baya. Rannan ya ce mini, "Kawu, motan yana ja gefe, in ya sha kwana kuma sai ya kife." Muka kai ta wurin wani mai gyaran rediyo, ni kuwa na riƙa rubuta kalmomin da suke amfani da su.

Gyaran da Aka Yi

Abu huɗu mai gyaran ya taɓa. Na farko, ya murɗa ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin hancin motar har ƙafafun gaba suka miƙe, ta daina ja gefe. Na biyu, ya sauko da batir ƙasa, ya ɗaure shi a tsakiya, domin nauyin da ke sama shi ke kifar da mota a kwana. Na uku, ya naɗa wa tayoyin baya robar keke don su daina santsi a kan ƙura. Na huɗu, ya sauya ƙaramar giyar da ke bakin injin da wata mai ƙarancin haƙora. Irin wannan giya tana rage ƙarshen gudu, amma tana sa mota ta zabura da sauri, abin da hanya mai yawan kwana ke bukata ke nan.

Abin da Ɗalibin Harshe Zai Lura

1. Aro da hausantarwa. Gaɓar Hausa iri uku ce: BW, BWW da BWB, don haka baƙi biyu ba sa haɗuwa a farkon kalma. Kalmar Ingilishin da aka samo birki daga gare ta tana farawa da b da r a jere, sai Bahaushe ya cusa wasali a tsakaninsu, ya ƙara wani a ƙarshe. Haka aka raba s da t a sitiyari.

2. Jam'i. Baƙuwar kalma takan bi layin 'yan gida. Taya ta zama tayoyi kamar hanya da hanyoyi. Mota ta zama motoci kamar ƙota da ƙotoci, inda t ta koma c a gaban wasalin i, wato ganɗantawa.

3. Faɗaɗa ma'ana. Nan ne harshen ya fi nuna gwaninta, domin bai ari komai ba. Mota tana da hanci da ƙafa, giya tana da haƙora. Aikatau sha ya bar ruwa ya koma shan kwana, ci ya koma cin batir, wanda ya ƙara gudu kuma an ce ya ba ta wuta.

4. Harɗawa. Motar rimot ta bi sawun motar kara da motar gwangwani, waɗanda yara suka daɗe suna ƙerawa.

5. Jinsi. A duba maganar yaron: motan yana ja ya ce, maimakon motar tana ja. Wannan ya zama ruwan dare a Hausar Maiduguri, inda take zaune tare da Barbarci, harshen da babu jinsin nahawu a cikinsa.

Kammalawa

A tseren da ya biyo baya yaron na biyu ya zo, motar kuma ba ta kife ba ko sau ɗaya. Duk bayanin gyaran nan da Hausa aka yi shi, babu inda aka kakare. Saboda haka shawarata ga kowane ɗalibi ita ce, ya ɗauki littafi da biro ya zauna a gareji ko rumfar mai gyaran rediyo, ya tattaro kalmomi 20, ya rarraba su bisa rukunan nan biyar. Kalmomin suna nan a bakin masu sana'a. Rubuta su ne ya rage gare mu.